Jagoran masu kallon tsuntsaye a duwatsun Jos

Ina idar da sallar asuba nake kwasar baƙina mu kama hanyar Laminga, wani ƙauye a wajen Jos. Ni da yarana biyu sana'armu ke nan: kai mutane kallon tsuntsaye a dajin Amurum da duwatsun Shere, masu tsayin mita 1,829 a ƙololuwa. In hazo ya kwanta a kwari, rana ta fara taɓa kan duwatsun nan da suka hau juna kamar an jera su da hannu, har mai surutu yakan yi tsit.

Da danƙo na fara, Allah Ya yafe mini. Ina yaro ba kurciyar da ta tsira a unguwarmu. Kawuna maharbi ne ya ƙwace danƙon, ya zaunar da ni a gindin dutse, ya ce: "Ɗana, rufe ido, faɗa mini wa ke kuka." Na ce kurciya, ya ranƙwashe ni. Ashe kazar dutse ce. Sai da na yi damina uku kafin ya daina ranƙwashin.

Amurum kaɗai an lissafa tsuntsaye sama da iri 300, shi ya sa cibiyar binciken tsuntsaye ta Jami'ar Jos take can. Amma wanda Turawa ke ƙetaro teku dominsa wani ɗan mitsitsi ne mai jan baya, mazaunin duwatsu, wanda masana ba su tantance shi ba sai 1998. Yana da wani ɗan cin amana, baƙin tsuntsu mai sheƙi, da macen ke saka wa mai jan bayan ƙwai a sheƙa ya rena mata, namijin kuma ya kwaikwayi kukan mai jan bayan tsaf. Raba kukan biyun nan, nan ne aikin.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne 'yan ta-more. Yaro ya ari madubin hangen nesa, ya karɓi rabin kuɗinmu, ya kai baƙo da rana tsaka lokacin da tsuntsaye suka shige inuwa. Sai ya nuna masa ɗan jan nan da ke tsintar gero a tsakar gida, ya ce shi ne. Alhali na gida bakinsa ja ne, na dutse bakinsa ruwan toka. Sannan a zo ana taya mini aiki kamar tumatir a Farin Gada!

Mai zuwa da hunturu ya taho da rigar sanyi mai kauri da takalmin da ba ya santsi. Shayi dai ni nake kawowa.