Shinkafa da riɗi

Cikin maiɗakina ya shiga wata na bakwai, amma tun daga Kano Hajiya ta riga ta raɗa masa suna Tanko. 'Ya'yanmu huɗu ne, duk mata. In na ce, "Hajiya, Allah ne masani," sai ta ce bakinta alheri yake faɗa, in dai turo kuɗin ragon sadaka.

A garejin da nake aiki a Jidda akwai wani mai wayarin, Ba'indiye ne mai bin addinin Hindu, shekara shida muna cin abinci a faranti ɗaya. Ranar da na yi masa ƙorafin ragon nan sai ya yi dariya ya ce, "Sadik, mu ma muna da namu, sai dai wuta ke cinyewa."

Sunan abin Putrakameshti. Ba yanka ake yi ba, kamar yadda na zata. Malamansu Birahamin ke hura wuta a wani murhu mai kusurwa huɗu, miji da mata su zauna a gefe, ana karanto addu'o'i da tsohon harshensu Sanskirit, ana zuba man shanu da hatsi da ludayi, kowane zubi a ce "suwaha". A imaninsu Agni, wato wutar, shi ke kai saƙon sama. Shahararren wanda ya yi shi ne Dasharata sarkin Ayodiya, a littafin Ramayana. Ya tsufa da mata uku ba magaji, wani waliyinsu Rishiyasiringa ya jagoranci aikin, sai wani ya fito daga cikin wutar da ƙwaryar zinariya cike da kunun shinkafa da madara. Aka raba wa matan, Sumitra ta sha kashi biyu ta haifi tagwaye. Maza huɗu ke nan, Rama ne babba.

Na ce to me ya sa dole sai namiji? Ya ce ɗa ne ke cinna wutar ƙona gawar uba, shi ke ajiye wa magabata curin shinkafa duk shekara. Har malamansu na dā suka ce kalmar putra na nufin mai ceton uba daga wata azaba da ake kira Put. Nan na yi shiru. Shi aƙalla yana da hujjar da ya gada. Mu fa, da Suratul Shura ta fara ambaton kyautar mata kafin ta maza?

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na ƙarshe. A wani tsohon littafinsu, Birihadaranyaka, mai son ɗa mai farar fata ya dafa shinkafa da madara. Mai son 'ya malama mai tsawon rai kuwa ya dafa ta da riɗi, su ci da man shanu shi da matarsa. Ashe har lissafin neman 'ya suka yi, ba kuma kowace 'ya ba, mai ilimi. Duk da haka sai da gwamnatin Indiya ta kafa doka a 1994 ta hana likita faɗa wa iyaye jinsin ciki, saboda yawan zubar da na mata.

Ragon dai na tura kuɗinsa. Na ce wa Hajiya a roƙa mana sauka lafiya kawai. Ta ce, "Amin, Allah ya sauke ta lafiya, ita da Tanko."