Godiya Bayan Dawowarmu Daga Morishas

Assalamu alaikum.

Alhamdulillahi, mun dawo gida Kano lafiya, ni da uwargida da yara biyu. Auta, wanda aka yi ta kira ana tambaya a kansa, yana nan ƙalau, yana ci yana sha, yana tsokanar yayarsa kamar kullum. Tsagewar ƙashi ya samu a idon sawun hagu, an sa masa filasta, likita ya ce in ya kiyaye takawa zai warke sarai da yardar Allah. Waya ba za ta kai godiyata ga kowa da kowa ba, shi ya sa na rubuto nan.

Bari in fara gyara wata magana. Labarin da ya zaga a WhatsApp wai igiya ta tsinke yaron ya faɗo daga saman dutse, ba haka aka yi ba. Igiya ba ta tsinke ba, ko alamar tsinkewa ba ta yi ba. Ya sauka lafiya, an kwance masa ƙugiya, yana takawa zuwa inda sauran mutane ke zaune ne santsi ya kwashe shi, ƙafar ta shige tsakanin duwatsu biyu. Na san tsoro ne ya sa aka yaɗa, ba mugunta ba, amma labarin ya riga mu isa kunnen Hajiya, kuma kowa ya san yadda take fama da hawan jini. Don Allah a riƙa tantancewa kafin a tura.

Abin da ya kai mu shi ne bikin yaye ɗalibai, 'yarmu ta kammala digiri a ɗaya daga cikin jami'o'in tsibirin. Morishas tana cikin Tekun Indiya, gabas da Madagaska, mutanenta ba su wuce miliyan 1.3 ba. Ta Nairobi muka bi. Agogonsu ya riga namu da awa uku, waɗanda suka kira bayan isha'i suka ji shiru su yi mana afuwa, a can dare ya riga ya raba.

Bayan an gama biki ne 'yarmu ta ce, "Abba, tun zuwana nake jin labarin Tamarind, na ƙi zuwa ne don ina so mu je tare." Uba ba ya cewa a'a a rana irin wannan. Magangarun Tamarind, waɗanda mutanen wurin ke kira Sept Cascades, jerin magangarun ruwa bakwai ne a kan kogin Tamarin, kusa da ƙauyen Henrietta, jimillar tsayinsu kusan mita 290. Ta cikin gonakin rake ake bi, kana tafe sai ka ga ƙasa ta yanke, kwazazzabo mai zurfi ya buɗe a gabanka cike da itatuwa, ruwan yana gangarowa hawa-hawa, kowane hawa da tafkinsa a gindi. Wasu ƙafa kawai suke bi su kalla su dawo. Mu kuwa mun biya kuɗin sauka da igiya ta gefen ruwan, tare da jagorori.

Bayan Allah, waɗannan jagorori su ne farkon waɗanda suke bina bashin godiya, maza biyu da mace ɗaya. Ban nemi izininsu in ambaci sunayensu ba, amma 'yarmu za ta fassara musu wannan rubutu.

Babbansu mutum ne marar yawan magana, da farko ma na ɗauka ɗaure fuska ce kawai. Bai bari kowa ya kusanci bakin dutse ba sai da ya kai mu wata 'yar gangara wadda ba ta fi tsayin mutum biyu ba, ya sa kowa ya gwada a nan. An ba mu hular kwano, da ɗamara mai zagaye ƙugu da cinyoyi, da ƙugiyar ƙarfe mai makulli, da wani ƙarfe mai siffar lamba 8 da ake zura igiya ciki. Gogayyar igiya da wannan ƙarfe ita ce birki. Hannun dama yana riƙe da igiya ta bayan ƙugu, in ka sassauta ka gangara, in ka damƙe ka tsaya cak. Dokarsa ɗaya ce, kuma ya maimaita ta har auta ya fara kwaikwayonsa: ko ƙudan zuma ya harbe ka, hannun nan ba ya sakin igiya. Sannan ka ware ƙafafu, ka kafa tafin ƙafa a jikin dutse, ka jingina da baya cikin iska kamar za ka zauna. Wannan jinginar ita ce abin da rai ba ya so. Zuciya tana cewa rungumi dutsen, alhali wanda ya rungumi dutse shi ƙafa ke zamewa.

Na sa ido a kan yadda yake aiki, don ba zan ba da 'ya'yana ga abin da ban gani ba. Igiyar a jikin ƙusoshin ƙarfe biyu da aka kafa cikin dutse aka ɗaure ta, ba ɗaya ba. Akwai igiya ta biyu a jikin mai sauka, wadda shi da kansa yake riƙe da ita daga sama, kamar yadda ake zura mai yasar rijiya. A ƙasa kuma abokin aikinsa yana riƙe da jelar igiyar farko, in mai sauka ya rikice ya saki hannu, da ya ja ta ta miƙe, mutum zai tsaya a inda yake. Kafin kowa ya juya baya ga ramin sai ya taɓa makullin ƙugiya da yatsansa, ya ja ɗamara, ya dubi fuskar mutum. Ya yi wa auta haka, ya yi mini, ya yi wa wasu Turawa biyu da suka ce sun saba, kuma bai saurari ƙorafinsu ba.

Ita kuma macen, godiyarta daban ce. Da ta ga 'yarmu da hijabi, ba tare da an roƙe ta ba ta ja ta gefe ta ɗaura mata ɗamarar da kanta, ta nuna mata yadda za ta cusa bakin mayafin cikin riga don kada ƙarfen ya cafke shi. Uwargida dai ta ce ita kallo ya ishe ta, ta samu inuwa a sama ta zauna da carbinta.

Mun sauka. Ruwan sanyi ƙarara, don lokacin sanyinsu ne, wanda ke faɗowa daidai da daminarmu. Ƙarar ruwa ba ta barin a ji magana, da usur da alamar hannu suke fahimtar juna. Dutsen baƙi ne, irin na aman wuta, gansakuka ta lulluɓe shi, kuma a nan ƙasa inda mutum ya ga ya tsira ya saki jiki, a nan ne ya fi santsi. Abin da na ji kawai shi ne, "Yaya! Ƙafata!"

Kafin in taka uku na ƙasan ya riga ni isa. Bai ɗaga shi ba. Ya sassauta igiyar takalmin, ya taɓa yatsun ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ko yana ji, ya fito da wani faifai mai lanƙwasuwa daga jakarsa ya tallafe ƙafar, ya naɗe da bandeji. Babban ya sauko, ya duba ƙafar, sannan ya tsaya yana kallon ruwan. Ni ban ga komai ba. Shi ya ga ruwan ya fara gurɓacewa, ganyaye da ƙiraren itace suna biyo shi. Tsakiyar tsibirin tudu ne, kuma ya fi gaɓar yamma samun ruwan sama nesa ba kusa ba, ana iya tafka ruwa a can sama kai kana cikin rana a kwazazzabo ba ka sani ba. Nan take ya ce tafiya ta ƙare, kowa ya hau tudu. Ɗaya daga cikin Turawan ya ce ai saura magangara mafi kyau, kuma ya biya kuɗinta. Ya ce masa kuɗi ana mayarwa.

Hanyar fita a tsaye take, saiwoyi da laka. Na ƙasan ya goya auta, yaron da ya kusa kai ni tsawo, aka ɗaure su tare da ɗamara, babban ya riƙa hawa gaba yana ɗaura igiya a gindin itace yana tallafa musu, su hau, ya sake kwancewa ya ƙara gaba. Macen tana bayana tana nuna mini inda zan sa ƙafa. Muna tsakiyar hawa na waiwaya, faffaɗan dutsen da aka kwantar da yaron a kai ruwa ya shafe shi, ja wur. Allah Shi ne mai tsarewa, amma Ya tsare mu ne ta hannun mutanen da suka san aikinsu kuma ba sa jin kunyar ɓata wa mai biyan kuɗi rai. Duk wanda zai je irin wannan wuri, a can ko a wata ƙasa, ya nemi jagora mai irin wannan taurin kai, ya kuma yanki inshorar tafiya da ta ƙunshi wasannin kasada, don mun ga amfaninta.

Direban da muka ɗauka haya, dattijo ne mabiyin addinin Hindu, shi ya kwantar wa uwargida hankali a sama kafin mu fito. Ya kai mu asibiti, ya zauna har aka ɗauki hoton ƙashi aka sa filasta, ya mayar da mu masauki cikin dare, na miƙa masa ƙarin kuɗi ya tura hannuna. Ma'aikatan asibitin sun karɓe mu da mutunci, Allah Ya saka musu. Ɗalibanmu 'yan Najeriya da ke karatu a can, Hausawa da Yarbawa da Ibo, kafin gari ya waye sun samo sandunan dogarawa, sun musanya mana ɗaki zuwa hawan ƙasa. Iyayenku su yi alfahari da ku.

Ranar Juma'a na je babban masallacin Port Louis, wanda aka kafa tun shekarun 1850, yana kan titin Royal dab da unguwar Sinawa, da tsohuwar bishiya a tsakar farfajiyarsa. Kusan mutum ɗaya cikin shida a ƙasar Musulmi ne. Wani bawan Allah da muka haɗa sahu ya tambaye ni daga ina, zance ya kai ga yaron. Da yamma sai ga shi da maiɗakinsa a masaukinmu da tukunyar biriyani da alouda, wani abin sha na madara mai sanyi. Auta, wanda ya ƙi cin komai tun ranar, ya cinye faranti biyu.

Da an bi ta tawa a ɗaki za mu ƙarasa kwanakin, amma direban ya ce yaro ba zai bar Morishas da hoton asibiti kaɗai ba, ya zaɓo wuraren da mota ke kaiwa har bakinsu. A Chamarel mun ga ƙasar nan mai launi bakwai, ja da ruwan kasa da shuɗi-shuɗi kwance gefe da gefe, wadda ta samu daga ruɓewar dutsen aman wuta, sinadarin ƙarfe da na alminiyam su ke ba ta launukan. Mun ga manyan kunkuru, da magangarar Chamarel mai tsayin kusan mita 100, wannan karon daga bayan shinge.

Inda ya fi tsaya mini a rai shi ne Le Morne, ƙaton dutse mai tsayin mita 556 a kusurwar kudu maso yamma, wanda bayin da suka gudu daga gonakin rake suka mayar mafaka. Akasarin bayin tsibirin daga Madagaska da Mozambik aka kwaso su, amma har da na Afirka ta Yamma: akwai unguwa a Port Louis mai suna Camp Yoloff, daga sunan Wolof na Senegal. An soke bauta ranar 1 ga Fabrairu 1835, ranar hutu ce a ƙasar har yau. Labarin da ake bayarwa shi ne, da aka tura jami'ai su sanar da na kan dutsen cewa sun 'yantu, sai suka zaci kama su aka zo yi, wasu suka gwammace su faɗa daga sama. UNESCO ta sa dutsen cikin wuraren tarihi na duniya a 2008. Daga nan direban ya kai mu Aapravasi Ghat a bakin tashar jiragen ruwa, inda aka riƙa sauke 'yan ƙodagon da Ingila ta kwaso daga Indiya don su maye gurbin bayi, mutum kusan rabin miliyan. Ya nuna mana matakalar dutsen ya ce kakan kakansa ta nan ya hawo. Auta ya ce sai ya taka ta da sandunansa, yayarsa ta riƙe shi ya taka.

A gida kuma, Kawu ne ya je da kansa ya zauna da Hajiya har aka haɗa ta da jikanta ta bidiyo ta gan shi da idonta. Kawu, Allah Ya ƙara girma. Ƙannena da suka riƙe shago, maƙwabta da suka duba gida, liman da jama'ar masallacin unguwa da suka sa mu cikin addu'a, abokan karatun auta da suka tara masa darussan da ya rasa, surukaina da suka tarye mu a filin jirgi da mota mai faɗin da zai miƙe ƙafa, da duk wanda ya kira ko ya turo saƙo ban samu amsawa ba, na gode, na gode. Allah Ya bar zumunci, Ya tsare muku zuri'a.

Masu son zuwa dubiya, an fi samunmu bayan la'asar, da safe yana hutawa. Masu kawo shawarar a kai shi wajen mai ɗori, mun gode da kulawa, amma likitan ƙashi a nan ya duba hoton ya ce a bar filastar yadda take. Walimar kammala karatun yayarsa da aka sa wannan Asabar an ɗaga ta sai an cire masa filasta, za a sanar da sabuwar rana.

Wassalam, a madadin iyali baki ɗaya.