Rauta ɗaya ta ishi gida, akses foyin ake ƙarawa

Akwatin da kamfanin intanet yake ba ka, na MTN ne ko na Starlink, ayyuka uku yake yi a lokaci guda. Yana raba wa kowace waya da kwamfuta lambar adireshinta ta hanyar DHCP, yana tattara su duka su fita intanet da adireshi ɗaya, wanda ake kira NAT, sannan yana watsa Wi-Fi. Wannan ita ce rauta. Akses foyin kuwa aikin ƙarshen kawai ya sani: ya karɓi intanet ta kebul, ya watsa shi a iska.

Ɗaki biyu da falo, ko shago mai mutum goma, rauta ta wadatar. Ajiye ta a sama, tsakiyar gida, kada a tura ta bayan talabijin.

Matsala tana farawa ne a gida mai sassa ko mai bene. Bangon bulo yana cin sigina, dekin mai rodi ya fi shi ci. Wi-Fi zango biyu yake bi: zangon 5 GHz ya fi gudu amma bango biyu kan gajiyar da shi, 2.4 GHz ya fi ratsawa amma cunkoso ya yi masa yawa. A nan mutane kan sayo rauta ta biyu su jona ta ramin WAN, wato ramin da intanet yake shigowa rauta ta cikinsa, sai a samu NAT biyu: firinta tana wannan ɓangare, kwamfuta tana wancan, ba sa ganin juna, kyamarar tsaro ma ta ƙi buɗuwa daga waje. Mai maimaita sigina shi ma ba mafita ba ne, domin idan da rediyo ɗaya yake ji yake faɗa, kusan rabin gudun ya tafi.

Gyaran shi ne a ja kebul Cat6 daga rauta zuwa akses foyin a silin, ɗaya a kowane bene ko sashe. Kada tsawonsa ya wuce mita 100. Wuta ta cikin kebul ɗin take bi, wato PoE: ma'aunin 802.3af yana ba da wat 15.4, 802.3at kuma wat 30, don haka duba abin da na'urarka take buƙata kafin ka sayi suwic, wato akwatin da kebul ɗin duka suke haɗuwa a cikinsa, shi yake tura musu wutar. Amfanin wannan a wajenmu babba ne, tunda inbata ɗaya a gindin suwic ta riƙe komai idan an ɗauke wuta. Amma a kula da kebul mai arha da ake rubuta wa CCA. Alminiyam ne aka shafa wa tagulla, yana zafi, yana zubar da wuta, na'ura ta riƙa mutuwa tana tashi. Kankare bakin wayar da ke cikin kebul ɗin da reza, idan fari ya bayyana, mayar wa mai shago.

Sa wa Wi-Fi na rauta da na duk akses foyin ɗin suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya. A 2.4 GHz raba musu tasha 1, 6 da 11, kuma rage ƙarfin watsawa, in ba haka ba waya za ta liƙe wa na nesa alhali na kusa yana saman kanta. Omada na TP-Link da UniFi na Ubiquiti suna ba ka damar sarrafa su duka daga shafi ɗaya.

Idan akwai tsohuwar rauta a durowa, za ta iya aikin akses foyin. Kashe DHCP ɗinta, ba ta adireshin da ba kowa a kai, misali 192.168.1.2 idan babbar tana 192.168.1.1, sannan ka sa kebul a ramin LAN, wato inda ake jona na'urorin gida, ka bar WAN ba komai.