Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Gado Uku, Mai Jinya Ɗaya

A makon jiya na tsaya a daren da aka buga mini waya aka ce motar da maigidana ya shigo daga Akwanga ta faɗi a Hawan Kibo. Duk wanda ya saba bin hanyar nan ya san gangaren da kwanoninsa, ya kuma san yawan gidajen da ya sa kuka. Mu dai Allah ya bar mana shi da rai, sai dai ƙashin cinyarsa ta hagu ya karye.

Lokacin da aka iso da shi Jos, Mama, wato mahaifiyata, tana kwana na tara a asibitin. Hawan jini ne ya kayar da ita a bakin murhu, ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Na sauko daga ɗakin mata da gudu, ɗankwali a hannu, na tarar da shi a sashen gaggawa. Da ya gan ni, abin da ya fara cewa shi ne, "Wa kika bar wa Mama?"

Watan Disamba ne na 2016, shekarar da kuɗin komai ya tashi, albashi kuwa yana nan inda yake. Sanyin Jos kuma ya sauka da ƙarfinsa. Wannan sanyin ne ya kawo mini gado na uku. Autana, mai shekara 7 a lokacin, yana da sikila. Ni AS ce, babansa ma AS, wato muna ɗauke da irin ciwon a jininmu amma ba mu da shi, kuma a zamanin da muka yi aure babu wanda ya ce mu je a gwada jininmu. Yanzu ikilisiyoyi da yawa ba sa ɗaura aure sai sun ga takardar gwajin, kuma ina goyon bayansu da zuciya ɗaya, domin kowane ciki da irinmu suka ɗauka, kashi ɗaya cikin huɗu ne yiwuwar yaron ya zo da SS, wato sikila. Kwana huɗu bayan hatsarin, ƙanwata ta shigo asibiti da shi a goye, yana ihun ƙafafunsa da bayansa, farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Aka auna aka ce jininsa ya yi ƙasa sosai, a nemo masu ba da jini.

Wanda bai taɓa jinya a asibitinmu ba, ba zai gane nauyin mai jinya ba. Kai ne za ka karɓi takarda ka je ka biya, ka dawo da rasit, ka bi layin magani, in babu ka fita waje ka nemo. Kai ne mai wanki, mai kai fo, mai juya mara lafiya kada bayansa ya yi gyambo. Da dare kuma tabarma da bargo a baranda. Ni kuwa ɗakuna uku nake zagayawa. Da asuba in goge wa Mama jiki in ba ta kunu da cokali, a hankali don kada ta shaƙe. Daga nan in wuce ɗakin masu karaya, inda aka rataye wa maigida ƙafa da nauyi ana jiran ranar tiyata. Sai in ƙarasa ɗakin yara in zauna ina matsa wa yaro ƙafa da tawul mai ɗumi.

Zan faɗi abin da na daɗe ina jin nauyin faɗa. A wancan makon addu'a ta gagare ni. Ni da na tashi a gidan mai bishara, na yi shekaru ina koyar da yara a makarantar Lahadi, sai in durƙusa a kan tabarma in buɗe baki, babu abin da ke fitowa. Littafi Mai Tsarki yana cikin jakata tare da katunan asibiti guda uku, in ɗauko kati in bar shi. Ban daina gaskata cewa Allah yana nan ba. Gajiya ce ta kai ni inda ko roƙo ban san ta inda zan fara ba. Wa zan sa a gaba, uwata, mijina ko ɗana?

Masu zuwa gaisuwa kuma ba dukansu ne suka sauƙaƙa mini ba. Dangin maigida suka ce a fitar da shi a kai wa mai ɗori a ƙauye, kuɗin tiyata ya fi ƙarfinmu. Shi da kansa ya ce a'a. Wata 'yar'uwa ta ja ni gefe ta ce, "Yaya, mutum uku a wata ɗaya, wannan ba banza ba. Akwai hannu. Ki bincika gidanku, ko kuma ki bincika kanki." Ta ce ta san wani mai gani da zai faɗa mini wanda ya yi. Na san da ƙauna ta faɗa, amma maganar ta zauna mini a ƙirji kamar dutse. Na kwana ina lissafin laifofina tun na ƙuruciya.

Ranar Alhamis matan zumunta suka zo, su wajen goma sha biyu, da zanensu iri ɗaya. Ba a bar su sun shiga gaba ɗaya ba, sai muka zauna a ƙarƙashin bishiya a harabar asibiti. Sun kawo tuwon acca da miyar kuka, da gawayi, da sabulu, da kuɗin da suka tara a ƙulle cikin leda. Shugabarmu, tsohuwar da ta yi zumunta tare da mahaifiyata, ta ce in yi addu'ar buɗewa. Na sunkuyar da kai na ce, "Mama, ba zan iya ba. Kwana bakwai ke nan ban iya ba."

Na zaci za ta yi mini faɗa. Sai ta kama hannuna ta ce, "'Yata, kin tuna shanyayyen nan na Kafarnahum, a Markus sura 2? Da ƙafarsa ya je wurin Yesu?" Na ce a'a, mutum huɗu ne suka ɗauke shi. Ta ce, "Da suka rasa ƙofa saboda taro, rufin ɗaki suka buɗe suka zura shi. Kuma me aka rubuta? Da Yesu ya ga bangaskiyarsu. Tasu, 'yata. Shi yana kwance a kan shimfiɗa bai ce uffan ba. To ki kwanta. Mu ne za mu ɗauke ki."

Na karanta wurin nan ba adadi, na koyar da shi ga yara har da zane a allo, amma ban taɓa lura da wannan kalma ɗaya ba. Na yi kukan da ban yi ba tun faɗuwar Mama. Suka kewaye ni suka yi addu'a, wata da Hausa, wata da Berom, wata da Ngas, ni kuwa amin kawai nake iya cewa.

Ɗaukar da ta ce ba ta tsaya a baki ba. Kafin su tashi sun raba kwanaki: mata biyu kowane dare a wurin Mama. Washegari matasa huɗu daga ƙungiyar mawaƙa suka zo aka gwada su, jinin biyu ya dace, aka ƙara wa yaro leda ɗaya a daren. Fasto ya sanar a sujada aka yi baiko na musamman domin tiyatar maigida.

Akwai kuma wata da ba zan tsallake ba. Gadon da ke kusa da na ɗana, jikar wata Hajiya ce daga Gangare, ita ma sikila. Tun rikicin 2001 garinmu ya rabu, akwai unguwannin da na yi shekaru ban taka ba, tata tana ciki. Amma duk lokacin da zan tafi wurin Mama, sai ta ce, "Je ki, ƙanwata, idona yana kansa." Ita ta koya mini in riƙa ɗura masa ruwa ko ba ya so, in kuma sa masa safa biyu da dare. In ta shimfiɗa darduma ni ke kula da jikarta. Takan ce mini Allah ya ba su lafiya, in ce amin, Hajiya, ya ba taku.

Kirsimeti ta faɗo ranar Lahadi a shekarar. Da sassafe, ina goge wa Mama fuska, sai muka jiyo mawaƙa a baranda suna zagaya ɗakuna. Na ga leɓenta yana motsi. Na kai kunnena. Ba kalmomi sosai ba ne, amma muryar waƙar ce, tana bin su. Likita ya bayyana mini daga baya cewa wasu masu irin ciwonta sukan iya rera waƙar da suka saba da ita tun magana ba ta dawo ba. A lokacin dai na durƙusa a gefen gadon, hannunta mai lafiya a cikin nawa, na ce, "Ubangiji, ga mu." Addu'ata ta farko ke nan a kwana goma.

Ban tashi daga wurin ba sai ga ƙanwata a bakin ƙofa tana haki. Ta ce likitan ƙashi yana nemana yanzu yanzu, an duba sabon hoton ƙafar maigida, kuma akwai takardar da sai na sa hannu kafin azahar. A nan za mu ɗora mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.