Sabunta inshorar lafiya da *929#, da inda ake yawan tuntuɓe

Tun Disamban 2018 hukumar inshorar lafiya ta Gana ta buɗe hanyar sabunta rajista ta waya, amma har yau a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi za ka ga mutum ya isa asibiti da katin da ya mutu bai sani ba. Ruɗanin daga katin kansa yake: kwanan watan da aka buga a jikinsa na shekara 5 ne, ita kuwa rajistar shekara 1 take yi ta ƙare.

Ba a bukatar intanet. Ƙaramar wayar nan da ake kira yam ma ta isa, a layin MTN ko Telecel ko AT. Ka danna *929#, ka fara da zaɓin duba ko rajistarka na da rai, ka shigar da lambobi 8 na jikin katin. In ta ƙare, ka koma ka zaɓi sabuntawa. Na'urar hukumar za ta nemo sunan mai katin da kuɗin da zai biya, gwargwadon rukuninsa, domin yaro ɗan ƙasa da shekara 18 da tsoho mai 70 zuwa sama ba sa biyan abin da magidanci ke biya. Ka karanta sunan da kyau kafin ka amince. Lamba ɗaya in ta kuɓuce, wani ka biya wa.

Galibi a wajen biya ake maƙalewa. Layin yana yankewa in ka yi jinkiri, don haka katin ya kasance a hannunka kuma kuɗin na cikin MoMo, wato asusun kuɗi na waya, tun kafin ka fara. In saƙon da ke neman lambar sirrinka bai fito ba, mai MTN ya danna *170#, ya shiga My Wallet, sannan My Approvals. Yawanci biyan na can yana jira. Kada a sake biya don gajen haƙuri. A jira saƙon tabbaci, a kuma bar shi cikin waya.

Haɗa rajistar da Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, kuwa, nan ne mutanen zango suka fi shan wahala. Kwamfuta ba ta san Mohammed da Muhammad da Mamman mutum ɗaya ba ne, abin da aka rubuta kawai take gwadawa. Haka ranar haihuwa: dattijon da aka ƙiyasta masa shekaru sau biyu a ofisoshi biyu, bayanansa ba za su dace ba. Wannan matsalar, waya ba ta gyara ta, sai an je ofishin hukumar na gunduma da katunan biyu.

Mai juna biyu ma ofis za ta je da shaidar awo daga asibiti, tunda rajistarta kyauta ce kuma sai an ga takarda. Wanda za ka sabunta wa, ko Hajiya ce da ke Tamale, lambar katinta kawai za ta karanto maka, ka biya daga nan Kumasi.