Wasiƙa Daga Leicester: Kwana Huɗu A Jirgin Kanal

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina gaishe ku da fatan kowa yana lafiya, ya iyali, ya kuma aka ji da hidimomi.

Tun da na aika hoton yaranmu zaune a goshin wani siririn jirgin ruwa waya ba ta huta ba. Hajiyarmu ce ta fara kira, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Kai da ba ka iya iyo ba, me ya kai ka ruwa da jikokina?" Ban ga laifinta ba. Duk wanda ya tashi yana jin labarin kifewar kwale-kwale a yankin Yawuri da sauran garuruwan bakin kogi, in an ce masa jirgin ruwa ba hutu ne ke fara zuwa masa a rai ba. Wasu kuma cewa suka yi lallai na yi kuɗi. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta yadda abin yake, musamman don ɗalibai da ma'aikatan jinya da ke ta zuwa nan Ingila, waɗanda za su shekara uku ba su san komai ba sai wurin aiki da tashar bas.

Ruwan da muka bi ba kogi ba ne, kanal ne da mutane suka haƙa da hannu. Wanda ya san kanal ɗin noman rani na Kadawa da Kura ya kama hanyar ganewa, sai dai na nan don dakon kaya aka yi su. Wanda aka fi ambata a matsayin mafari shi ne na Bridgewater, da aka buɗe a 1761 don kai kwal daga Worsley zuwa Manchester. Doki ne ke tafiya a gefe yana jan jirgi da igiya, kuma har yau hanyar dokin tana nan, ita ce mutane ke bi da ƙafa da keke. Jirgin ƙasa da manyan motoci suka ƙwace dakon, hanyoyin suka koma na masu hutu. Yanzu wata ƙungiya mai suna Canal & River Trust, da ta karɓi aikin a 2012, ita ke kula da kimanin mil 2,000 na waɗannan hanyoyi a Ingila da Wales.

Jirgin kansa faɗinsa ƙafa 6 da inci 10 ne kacal, tsawonsa kuma yana iya kai ƙafa 70. Ka ɗauka doguwar rumfa ce aka ɗora a kan ruwa: gadaje, ɗan kicin mai murhun gas da firji, banɗaki da wurin wanka, da abin ɗumama ɗaki. Ba a neman lasisin tuƙi a wurin mai haya. Kamfanin zai haɗa ka da ma'aikacinsa ya nuna maka komai, ya raka ka ɗan nesa, sannan ya sauka ya bar ka da jirgi. Doka ba ta yarda a wuce gudun mil 4 a awa ba, kuma in za ka gifta jiragen da ke ɗaure sai ka rage ƙwarai. Tsoho mai yawo da karensa ya sha wuce mu da ƙafa.

To, maganar kuɗi, wadda ita ce ta sa na ɗauki biro. Jirgi ake haya ba kujera ba, don haka ko ku biyu ne ko ku takwas kuɗin jirgin da kuka ɗauka ɗaya ne. Ni da maƙwabcina, wani bawan Allah ɗan Maraɗi da ke aikin dare a gidan kula da tsofaffi, muka haɗa iyalanmu, manya huɗu yara huɗu, muka ɗauki jirgi mai gado takwas. Tun watan Janairu muka fara karo-karo, duk wata kowa ya ajiye wani abu a hannun matarsa, kamar dai adashi. Da lokacin cika kuɗi ya yi babu wanda ya ci bashi.

Lokaci ma yana da nasa tasiri a farashi. Daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Agusta makarantu na hutu, kowa na son ruwa, kuɗin haya ya kai ƙololuwa. A farkon bazara ko cikin Oktoba jirgin nan dai za ka same shi da rangwame mai yawa. Mai yara a makaranta ba shi da sakewa sosai, domin a Ingila ana cin tarar iyayen da suka cire yaro daga aji don yawon hutu, saboda haka muka zaɓi hutun mako guda na tsakiyar zango a Oktoba. Wanda ba shi da yara kuwa ya nemi lokacin da yara ke makaranta, nan arahar take. Sannan ba dole sai mako cur ba. Yawancin kamfanoni na ba da kwana uku daga Juma'a zuwa Litinin, ko kwana huɗu daga Litinin zuwa Juma'a, kuma sau da yawa kuɗinsu kusan ɗaya ne. Muka ɗauki na Litinin, muka ci ribar dare guda.

Kafin ka biya ko sisi, ka tambaya a rubuce: man dizal yana cikin kuɗin ko daban ne, akwai kuɗin ajiya saboda ɓarna, kuma nawa ne ajiye mota a harabarsu. Wani kamfanin farashinsa zai yi maka daɗi a ido, sai ka tara waɗannan ka ga ya wuce na maƙwabcinsa. Rigar kariya daga nutsewa ta yara kuma ka nema tun a waya, ka faɗi shekarun kowane yaro.

Abin da ya fi ɗaukar mana lokaci shi ne zaɓen hanya, kuma a nan ne sabon shiga ke cutar kansa. Kanal ba ya hawa tudu sai ta matakalar ruwa, wadda suke kira lok. Wani dogon akwati ne na bulo mai ƙofofin katako gaba da baya. Ka shigar da jirgi, a rufe ƙofa, a ɗauki wani ƙarfe mai kama da abin kwance tayar mota a murɗa a buɗe kafar ruwa, ruwa ya cika akwatin ya ɗaga jirgin, sannan a jingina baya a tura ƙofar gaba. Kowane ɗaya yana cin kusan minti 15 zuwa 20. Wata Asabar kafin mu yanke shawara muka je Hatton kusa da Warwick, inda guda 21 ke jere a kan tudu ɗaya, muka tsaya kallo, kallon kuma kyauta ne. Wata dattijuwa mai jirgi ta bar yaranmu suka taya ta tura ƙofa. Na leƙa cikin akwatin lokacin da ruwa ya sauka, na ga zurfinsa da gansakukar da ke bango da yadda ruwan ke tafasa in an buɗe kafa, nan take na ce wa maƙwabcina, "Malam, da ƙananan yara huɗu ba za mu fara da wannan ba." A Tardebigge ma guda 30 ne a jere. Wanda ya biya kwana huɗu ya zaɓi irin wannan hanya, aiki ya saya.

Muka zaɓi kanal ɗin Ashby, wanda aka buɗe a 1804, mai tsawon mil 22 babu lok ko ɗaya, kuma ga shi kusa da gida, kuɗin mota kaɗan. Ya ratsa Hinckley da Market Bosworth har Snarestone. A yankin ne aka yi yaƙin Bosworth a 1485 inda aka kashe Sarki Richard na Uku, wanda aka tono ƙasusuwansa a wani wurin ajiye motoci a nan Leicester a 2012. Babbar 'yata ta karanta shi a aji, sai ga ta tana nuna wa ƙannenta filayen da hannu.

Tuƙin yana son natsuwa. Sandar tuƙi a baya take, in ka tura ta dama goshin jirgi hagu zai yi, kuma babu birki, sai dai ka sa injin ya ja baya. Ana bin hannun dama, saɓanin titunan ƙasar. A yammacin farko na matsa gefe da yawa don in ba wani jirgi hanya, sai cikinmu ya zauna a laka. Akwai doguwar gora a kan rufi saboda irin haka. Muka tara kowa a ɗaya gefen, maƙwabcina ya dafa gorar, na ja baya a hankali, muka fita. Yawancin kanal bai fi ƙugu ko ƙirjin babba zurfi ba, amma ruwan ba shi da tsabta kuma yana da sanyi, don haka duk yaron da zai fito waje sai da rigarsa.

Abinci kuwa ko sau ɗaya ba mu saya a waje ba. Matanmu sun yi miyar taushe da ta kuka tun a gida suka daskarar, muka sayi naman halal a Leicester domin ƙauyukan hanya ba lallai ka samu ba, ga shinkafa, ga garin semo, ga yaji da ɗan kilishin da aka aiko mana. Wurin kwana ma ba a biya. Kusan ko'ina a gefen hanyar doki za ka iya kafa turaku ka ɗaure jirgi, sai inda allo ya hana ko ya ƙayyade kwanaki. Abin da ba mu lissafa ba shi ne ruwan tanki. Mutum takwas, alwala sau biyar, ga wanke-wanke, a rana ta biyu famfo ya fara tari. Akwai famfuna a bakin hanya da ake cika tanki kyauta, daga nan kullum sai mun tsaya mun cika, muka kuma koma alwala da buta. Alƙibla a nan kudu maso gabas take, amma da yake kanal na lanƙwasa, duk inda muka ɗaure sai mun sake dubawa a waya. Cikin jirgi sahu ba ya yiwuwa, sai mu shimfiɗa darduma a kan ciyawa in ba a ruwa.

Da asubar Laraba na fito bayan salla da kofin shayi. Hazo ya kwanta a kan ruwa, shanu na tsaye a bakin shinge, wani zalɓe ya kafe a gefe ko motsi ba ya yi. Can sai maƙwabcina ya fito ya zauna kusa da ni. Shekara huɗu muna layi ɗaya da mutumin nan, ni ina fita aiki shi yana dawowa, gaisuwarmu ba ta wuce ta bakin ƙofa. A ranar ne na ji labarin mahaifinsa da gonarsu, da yadda aka yi ya baro Maraɗi. Muna nan har yara suka tashi suka fara rigimar wanda zai riƙe igiya.

Yanzu mun sake buɗe asusun karo-karo. Yara sun ƙara wayo, don haka baɗi in Allah ya kai mu muna son kanal ɗin Llangollen a Wales, inda jirgi ke bi ta kan gadar Pontcysyllte da aka gama a 1805, mita 38 sama da kogin Dee. Na gaya wa Hajiya, ta yi shiru, sannan ta ce a dai sa wa yara rigar, kuma in kira ta da zarar mun sauka.

Ku gaida mutanen gida baki ɗaya. Wassalam.

Ɗan uwanku a Leicester