Wata shida ina ƙirga haske a ɗakin duhu

Da na fara aikin digiri na biyu ban san cewa duk abu mai rai yana fitar da ɗan haske ba. Ba irin na ƙwaron nan mai walƙiya da daddare a damina nake nufi ba, wanda nake nufi ido ba ya ganinsa sam, ƙwayoyin haske ne 'yan kaɗan, daga guda-guda zuwa wasu ɗaruruwa a cikin daƙiƙa ɗaya kan fili kamar faɗin farce. Yawanci yana fitowa ne lokacin da iskar oksijin ke taɓa kitse da sauran sinadaran cikin ƙwayar halitta, wani sinadarin ya ɗauki ƙarfi ya sake shi a matsayin haske.

Na'urarmu bututu ce da ke kama ƙwayar haske ɗaya ta mai da ita lantarki ta ninka har kwamfuta ta iya ƙirgawa, tana cikin baƙin akwati, duk wata kafa mun liƙe da baƙin salatif, har ɗan jan fitilar jikin caja sai da muka rufe.

To sati na biyu na jiƙa wake ya tsiro, na ɗauko shi daga bakin taga na saka a akwatin, lamba ta haura sama sosai. Wallahi na ji daɗi, na ruga na kira Malam. Bai ma kalli allon sosai ba ya ce, "Minti nawa ka bar shi a duhu kafin ka kunna?" Na ce ko minti biyu bai yi ba. Ya jawo kujera ya ce mu zauna mu gani. Muna zaune lambar tana ta sauka tana sauka, ashe hasken ranar da koren ganyen ya sha ne yake mayarwa a hankali, ba nasa ba ne. Sai da ya daɗe a duhu sannan ainihin abin ya bayyana, ɗan ƙarami ƙwarai.

Ita ma na'urar ko babu komai a ciki tana ƙirga nata saboda zafi, shi ya sa ake sanyaya ta, kuma kullum sai na fara auna faranti wayam in cire wannan lambar daga sakamakona. Wannan shi ya fi cin lokacina, kuma yanzu shi na fi yarda da shi a duk aikin.

Daga baya na gane dalilin tsananin Malam. Tun 1923 Alexander Gurwitsch ɗan Rasha ya ce saiwar albasa na aika haske da ke sa maƙwabciyarta rabuwar ƙwayoyi, masu bincike da yawa suka gwada ba su samu abin da ya samu ba, aka daɗe ana yi wa fannin kallon shakku. Sai da aka sami na'urori masu kyau sannan shakkun ya ragu, irin aikin su Masaki Kobayashi a Japan a 2009 da suka ɗauki hoton hasken jikin mutum da kyamara mai tsananin sanyi, suka ga fuska ta fi haske kuma yana ƙaruwa da yamma. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga masu tallar magani a Facebook suna cewa injinsu na karanta hasken jiki ya faɗi cuta, a ɗaki mai fitila a kunne.

Ranar da na fi tunawa, waken ya kwana a duhu, na laluba da hannu na ɗan yanki ganye ɗaya da reza na rufe akwatin, lambar ta tashi saboda raunin, sannan ta riƙa komawa. Na maimaita sau uku kafin na je na ƙwanƙwasa wa Malam ƙofa.